Kamfanina ya karye sau uku a OpenTTD, ta ina sabon shiga yake farawa?

Yaron_Marwa: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sati biyu ke nan da abokina ya zuba min OpenTTD a tsohuwar kwamfutar shagon yayana, wasan nan da ake shimfiɗa layin dogo ana jigilar kaya. Sau uku ina farawa, sau uku ina karyewa kafin a yi shekara biyar ta cikin wasan. Karo na farko na haɗa garuruwa uku da dogo, kuɗi suka ƙare ban sayi tarago ko ɗaya ba. Na biyu jiragena suka yi karo da juna. Na uku ban ma san me ya faru ba, na dai ga lamba ta koma ja. Ran Juma'a za mu buga mu huɗu a shago, kuma an yi sharaɗi wanda ya zo na ƙarshe shi zai sayi shayi da tsire. Ku taimaka min don Allah.

Dogo74: Wa alaikumus salam. Kwal, ƙanena. Ka manta da fasinja tukuna. Kafin ka taɓa komai ka tsayar da wasan, ka buɗe jerin masana'antu, ka nemo mahaƙar kwal da take fitar da sama da tan 100 a wata, sannan ka nemo tashar wutar lantarki. Kada ka ɗauki wadda take manne da mahaƙar, kada kuma ka ɗauki ta ƙarshen duniya. Wadda take nesa kamar gida 60 zuwa 100 a taswira ta isa, wato ƙananan murabba'an nan da aka raba ƙasar wasan da su. Layi ɗaya, miƙaƙƙe, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Shi ke nan jarinka na farko.

Yaron_Marwa: Yaya @Dogo74 ni ai na ɗauka na kusa ya fi, tunda jirgi zai yi ta zirga-zirga da sauri kuma dogon ba tsada.

Dogo74: Nan mutane da yawa suke faɗawa. Kuɗin da ake biyanka abu huɗu ne suke haɗa shi: irin kayan, yawansa, nisan da ka kai shi, da kwanakin da ya yi a hanya. Gajeren layi kuɗinsa kaɗan ne, kuma rabin rayuwar jirgin a tsaye take ƙarewa wajen lodi da sauke. Abin da ya sa na ce kwal shi ne ba ya saurin faɗuwa daraja in ya daɗe a hanya, ba kamar fasinja ba. Sannan ka sani, nisan da suke lissafawa tazara ce tsakanin inda ka ɗauka da inda ka sauke. In ka yi ta kewaye-kewaye da dogo ba a ƙara maka ko sisi, lokaci kawai ka ɓata.

KanJirgi: Na yarda da maganar kwal, amma Dogo ya bar mafi muhimmanci. Jirgi biyu, ba ɗaya ba. Kuma a mahaƙar ka ba su umarnin kada su tashi sai sun cika. Kowace tasha tana da maki a kan kowane kaya, kuma da makin nan ake yanke kason da mahaƙar za ta ba ka daga abin da ta haƙo. In tasha ta zauna wayam kwana da kwanaki, maki ya sauka, sai ka ga mahaƙa ta fitar da tan 120 kai an ba ka 40. Ka duba tashar mota ta garinku: wadda kullum akwai mota a kan lodi ita fasinja suke nufa. Haka yake a nan. Ɗaya yana hanya, ɗaya yana tsaye yana sha.

Yaron_Marwa: To ai jirgi biyun ne ya kashe ni a karo na biyu. Na sayi na biyun, na danna ya tashi, ya ƙi fitowa daga gareji. Na jira, na jira, shiru. Sai na ga wani maɓalli mai hoton danja a jikin tagar jirgin, na danna. Ya fito kuwa da ƙarfinsa. Ina murna ina kiran yayana ya zo ya gani, sai ga na farkon ya dawo daga tashar wuta a kan dogo guda. Suka haɗu a kan gada. Wuta ta tashi, jarida ta fito a ƙasan allo, yayana ya yi dariya har sai da ya zauna a kan buhun shinkafa.

KanJirgi: Hahaha wallahi kowa ya taɓa danna maɓallin nan sau ɗaya a rayuwarsa. Jirgin ba lalacewa ya yi ba, ya fi ka hankali ne. Ya ga akwai wani a kan layin shi ya sa ya ƙi fita, kai kuma ka ce masa ya keta danja. Kuma ba asarar jirage kaɗai ka yi ba, hatsari yana zubar da makin tashoshin da ke kusa.

BabaMaiRitaya: Yaro, bari in sa baki ko da yake ni jikana ne ya koya min wasan. Na yi aikin jirgin ƙasa a nan Ngaundere tun ana kiran kamfanin Regifercam, kafin ya koma Camrail a 1999. Layinmu daga Yawunde zuwa nan kilomita 622 ne, an gama shi a 1974, kuma layi ɗaya ne tal, faɗinsa mita guda. To yaya jirgin da ya taso daga kudu da wanda ya taso daga nan ba sa haɗuwa? A tasha suke ba juna hanya. Wurare irin su Belabo da Ngaundal dogo yana rabuwa biyu, ɗaya ya shiga gefe ya tsaya, ɗaya ya wuce. Wanda ya taɓa shiga jirgin dare ya san tsayuwar nan da ake yi a tsakiyar daji har mutane su fara gunaguni. Ba banza ba ce, jiran wani ake. Abin da za ka yi a wasanka ke nan in kuɗi bai kai ka yi layi biyu ba: a tsakiyar hanya ka raba dogo biyu, tsawon da zai ɗauke jirginka gaba ɗaya har da ɗan rara, ka sa danja a ƙarshen kowane reshe, kowanne yana kallon ɓangarensa. A tasha kuma ka yi dandamali biyu.

Yaron_Marwa: Allah ya ƙara girma Baba, na gode ƙwarai. Ku yi haƙuri da tambaya, a ina daidai ake dasa danjar?

BabaMaiRitaya: Ƙa'ida ɗaya ce, a wasa da a gaske. Ka tambayi kanka, in jirgi ya tsaya a nan, wutsiyarsa ta tare wa wani hanya? In ta tare, ba wurin danja ba ne.

KanJirgi: Abin da Baba ya faɗa shi ne duk karatun. Ka yi amfani da danjar da take kama wa jirgi hanya tun kafin ya shiga mahaɗa, ita ce wasan yake fara ba ka yanzu. Sauran nau'o'in ka ƙyale su sai ka girma.

Hajiyar_Lissafi: Duk kun yi maganar ƙarfe, ba wanda ya yi maganar kuɗi, alhali yaron nan karyewa ya ce yana yi. Ƙanena, wasan yana fara ka da bashin fam 100,000, kuma in ba a taɓa saiti ba kana iya ci har 300,000. Kuɗin ruwan kashi 2 ne zuwa 4 cikin ɗari a shekara. Layin kwal mai kyau yana mayar da abin da aka kashe masa cikin 'yan shekaru kaɗan. Saboda haka ka ci bashin duka tun ranar farko, ka riƙe Ctrl ka danna maɓallin ranto, zai ba ka har ƙarshe. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuskurenka na farko ba cin bashi ba ne, zuba shi ka yi a dogo uku da ba jirgi a kai. Ni kafin in shimfiɗa komai sai na ware kuɗin kan jirgi biyu da taragunsu a raina, abin da ya rage shi ne na gini.

Malam_Shiru: Hajiya ni fa a nan muka rabu. Ko a wasa ne raina ba ya kwanciya da kuɗin ruwa. Da na samu 10,000 nake mayar musu, har in wanke kaina.

Hajiyar_Lissafi: Malam ai bankin nan ba shi da mai shi, kuɗin ma hoto ne. Amma ban hana ka ba. Ga tsakiya: duk lokacin da kuɗi suke zaune ba ka da abin ginawa, mayar musu, ba a cin tara, in ka tashi gini ka sake karɓa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mutum ya ga mahaƙa ta biyu a buɗe, ya bar ta ya tafi biyan bashin kashi 2.

Malam_Shiru: To a ƙarshe ai akwai maki ga wanda ba a binsa bashi.

Hajiyar_Lissafi: Akwai, 50 cikin 1000. Yawan kayan da ka isar kuma 400 ne. Ka auna da kanka.

DanNjamaina: Ni ina karanta ku ina dariya. Mu a Cadi ko taku ɗaya na layin dogo ba mu da shi, amma a wayata na haɗa gari goma sha biyu. Kayanmu daga Duwala jirgi yake kawo su Ngaundere, daga nan sai bayan kamiyo, ko ta Garwa da Kusiri ko ta Tuboro zuwa Mundu. Tun ina makaranta ake cewa za a ja layin ya iso mana. Baba ku da kuke ciki, yaushe ne?

BabaMaiRitaya: Ɗana, ni ma tun ina da baƙin gashi nake jin zancen. Abin da zan ce maka kawai, ka bi hanyar Garwa ka ga gangaren nan da ake sauka bayan an bar Ngaundere. Ngaundere a kan tudun Adamawa take, sama da mita 1,000, Garwa kuwa tana can ƙasa a bakin Binuwai. Jirgin ƙasa ba ya son hawa ba ya son gangara.

Direban_Kusiri: Wannan gangaren mu muka san shi, Baba. In ka sauko da tan talatin a bayanka sai kana jin ƙaurin birki. Kuma ga darasi ga mai tambaya: a wasan ma haka ne. Na taɓa sayen ƙaramin kan jirgin nan mai arha, Kirby Paul, na ɗaura masa taragu goma na kwal, kowanne tan 30. Da ya iso ɗan tudu sai ya koma tafiyar hawainiya, ina kallo wata ya mutu bai kai ba. Gudunsa duka kilomita 64 ne a awa. In a 1950 kuka fara, ka daure ka sayi Jubilee, yana yin 112, ko Ginzu A4 mai 128 in aljihu ya yarda. Tudu kuma ka kewaye shi in kewayen kaɗan ne. Kwana mai kaifi ma tana cin gudu.

Dogo74: Gaskiya ne, amma kada ya ji haka ya tafi yana fasa duwatsu. Baje ƙasa da haƙa rami da doguwar gada su ne suke cinye jarin sabon shiga. Hawa ɗaya ko biyu ba ya kisa in kan jirgin mai ƙarfi ne. Taragu biyar ko shida sun isa a farko. Kuma @Yaron_Marwa ka tabbata dandamalin ya kai tsawon jirgin, gida ɗaya taragu biyu yake ɗauka. In wutsiya ta leƙo waje lodi zai yi ta ja.

Direban_Kusiri: Abu ɗaya ne yake ci min rai da kwal ɗin nan naku. Jirgi ya je cike ya dawo wayam. A sana'armu wannan asara ce. In na kai kaya arewa sai na nemi abin da zan sauko da shi, albasa ce, auduga ce, ko shanu. Shi ya sa ni fasinja nake so, ana biyanka zuwa da dawowa.

KanJirgi: Fasinja yana da kuɗi in garuruwan manya ne, ba musu. Matsalar a farkon wasa yawancinsu ƙauyuka ne, kuma sai ka kutsa tsakiyar gari kafin ka samu mutane, tunda tashar jirgi gida huɗu kawai take kamawa a kewayenta. Kutsawar nan ita take haɗa ka faɗa da hukumar gari.

Uwar_Biyu: Wayyo hukumar gari! Ni su suka kore ni daga wasan na wata guda. Na share itatuwa na ja dogo tun daga nesa har bakin gari, na zo dasa tasha aka ce hukuma ba ta yarda ba. Dogo ya tsaya a fili kamar wanda aka yi wa saki. Daga baya 'yata ta nuna min: tasha ake fara ginawa, sannan a ja dogo ya same ta. In kuma an riga an ɓata, ka sayi itatuwa ka yi ta dasawa a kewayen garin har su huce. Akwai cin hanci ma a ciki, amma in aka kama ka ka shiga uku.

DanNjamaina: Wasan nan ya san duniya.

Yaron_Marwa: Jama'a na buɗe yanzu don in gwada, na duba jerin masana'antu daga sama har ƙasa, babu kwal ko ɗaya. Ko nawa ya lalace ne?

Dogo74: Wace irin ƙasa ka zaɓa?

Yaron_Marwa: Mai hamada da rairayi. Ita ta fi kama da gida.

Dogo74: To ga karyewarka ta uku ta fito. Ƙasa iri huɗu ce a wasan, kuma ta hamada ba ta da kwal sam. Koma koriyar nan ta farko, ita ce ta koyo.

Bamundu: A'a kada ku raina mana hamada. Ni ita kaɗai nake bugawa. Babu kwal amma akwai tagulla da roba da ake kaiwa masana'anta, akwai mai zuwa matata, akwai masara da 'ya'yan itace zuwa kamfanin abinci. Daɗinta shi ne garin da ke cikin rairayi ba ya girma sai ka kai masa abinci da ruwa duka biyu. Ka ga gari yana tsaye shekara ashirin, ka fara kai tankin ruwa, sai gidaje su fara tsirowa. Wanda ya taɓa bin layin famfo a watan Afrilu ba sai an yi masa bayani ba. Amma na yarda, ga wanda zai buga gasa jibi, ya bi ta kwal.

Hajiyar_Lissafi: Tunda an ambaci mai, gargaɗi ɗaya. A koriyar ƙasa rijiyoyin mai ba sa ƙaruwa, raguwa kawai suke har su rufe. Kada ka zuba jarinka na farko a kansu. Mahaƙar kwal kuwa in kana kwashe sama da kashi 60 na abin da take fitarwa, ta fi yiwuwa ta ƙaru. Wani dalilin ke nan na maganar @KanJirgi ta jirgi biyu.

Sarkin_Sama: Duk wahalar banza kuke sha. Filin jirgin sama biyu a manyan garuruwa masu nisa, jirgi biyu, ka je ka sha shayi ka dawo ka tarar da kuɗi. Ba danja ba tudu.

KanJirgi: Ga shi nan ya zo. Kowane zaure da irinsa.

Dogo74: Ba ƙarya ya yi ba, jirgin sama yana kawo kuɗi da sauri, shi ya sa masu gasa da yawa suke kashe shi a saiti. @Yaron_Marwa ku yi magana da abokanka tun kafin Juma'a, ko an yarda da shi ko ba a yarda ba. Kuma ku yanke me ake nufi da cin wasa. Shi wasan sai ƙarshen 2050 yake fitar da sakamako, ba za ku kai can a dare ɗaya ba. Ku ce shekara goma ko sha biyar, wanda darajar kamfaninsa ta fi shi ya ci. In kuɗin hannu kuka ce za ku duba, wani zai daina gini ya zauna yana tarawa.

Uwar_Biyu: Ku kuma saita ya riƙa ajiye kansa. Ranar da na haɗa gona da masana'anta da gari, aikin awa uku, aka ɗauke wuta. Ban yi kuka ba amma na yi kusa.

Malam_Shiru: Ba wanda ya yi zancen tallafi. Wani lokaci jarida tana fitowa cewa wanda ya fara kai kaza daga wuri kaza zuwa wuri kaza za a ninka masa kuɗi shekara guda. Ni da shi na tashi a wasana na farko.

Hajiyar_Lissafi: In hanyar tana kusa da inda kake, kuma za ta ci da kanta bayan shekarar ta wuce, bismilla. In ba haka ba kwaɗayi ne. Na ga wanda ya ja dogo rabin taswira saboda tallafi, kafin jirginsa ya isa wa'adin tayin ya ƙare.

BabaMaiRitaya: Ku ƙara masa da gareji kusa da layi. Injin da ba a dubawa yana tsayawa a hanya yana hayaƙi, na bayansa duk su jeru. Wannan ma ba a wasa na koye shi ba.

Yaron_Marwa: Salam jama'a, ga rahoto. Mun buga jiya daga bayan isha'i har ƙarfe ɗaya, shekara goma sha biyu, an hana jirgin sama. Na ci bashin duka kamar yadda Hajiya ta ce, hannuna yana rawa. Kwal, gida wajen 80, Jubilee biyu, wurin ba da hanya a tsakiya irin na Baba. A shekara ta uku na ƙara mahaƙa ta biyu a kan layin. Na zo na biyu! Wanda ya zuba min wasan shi ya sayi tsire, garin da ya nufa ne ya hana shi tasha, na tuna da Anti @Uwar_Biyu na yi shiru abina. Wanda ya ci kuwa fasinja ya yi tsakanin manyan garuruwa biyu.

Direban_Kusiri: Me na ce? Zuwa da dawowa!

Dogo74: Taswirar ce ta ba shi manyan garuruwa kusa da juna, ba kullum ake samu ba. Ka sake bugawa sau biyar mu ƙirga.

Yaron_Marwa: Sai dai akwai sabuwar matsala. Na ci gaba da wasan ni kaɗai yau da safe, na kai jirage shida, yanzu huɗu sun cirje a mahaɗar da ke gaban tashar wuta, kowa yana kallon kowa, ba mai motsi. Yatsana yana kan maɓallin nan mai hoton danja.

KanJirgi: Cire hannunka! Ɗauko hoton mahaɗar ka turo.

BabaMaiRitaya: Kafin ka turo, ƙirga gida nawa ne tsakanin mahaɗar da danjar da ke bayanta, sannan ka ƙirga tsawon jirginka mafi tsawo. Ina jira, zan je masallaci in dawo.